Me ya sa Dm ya zauna bayan Am, D kuma ya ƙi?

Sabon_Shiga_Dorayi
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata 5 ke nan da na sayi jita ta hannu a Sabon Gari, na haddace kod (sautukan da ake kaɗawa tare) guda shida: Am, C, Dm, Em, G, da wani F da har yau yake ƙugi kamar tsohuwar fanka. Matsalata ita ce hadda kawai na yi. In na fara da Am ban san wa zai biyo baya ba, sai lalube. Jiya ƙanwata ta rera wata 'yar waƙa da ta tsara, ta ce in bi ta. Na danna Am ta gyaɗa kai, na gwada D da na gani a waya, ta yamutsa fuska ta ce "Yaya, ka ɓata." Na koma Dm ta ce yawwa. Ita ko sunan tsirkiya ɗaya ba ta sani ba. To akwai ƙa'ida ne, ko kowa lalube yake yi yana ɓoyewa?

MaiJita_Fagge
Wa alaikumus salam. Akwai ƙa'ida, kuma ba ta kai wahalar F ɗin nan naka ba. Ɗauki jitar yanzu, ka bar duk tsirkiyoyin, ka riƙe ta biyar kaɗai, wato A. Kaɗa ta a sake. Sai ka danna gida (wato tsakanin ƙarafan wuyan jita) na 2, na 3, na 5, na 7, na 8, na 10, ka tsaya a na 12. Abin da ka taka shi ne A, B, C, D, E, F, G, ka dawo A. Wannan tsanin shi ake kira mainon asali. Lura da tazarar: gida 2, 1, 2, 2, 1, 2, 2. Duk inda ka fara, in ka bi wannan lissafin, shi za ka samu.

Kod kuma daga cikin waɗannan bakwai ɗin ake tsinto shi, kamar mai rabon goro a layi da yake ba wannan ya tsallake na gaba. Fara daga A: ɗauki A, tsallake B, ɗauki C, tsallake D, ɗauki E. A, C, E, ga Am ɗinka. Yanzu fara daga D: D, tsallake E, F, tsallake G, A. D, F, A. Wannan shi ne Dm. Shi kuwa D da ka danna, D, F#, A ne. F# ɗin nan, wato F da aka ɗaga gida ɗaya, baƙo ne, ba ya cikin bakwai ɗin. Ƙanwarka tana rera F, kai kana danna F#, gida ɗaya tsakaninku. Dole ta yamutsa fuska.

Yar_Tarauni
A gaida ƙanwa. Kunnenta ya riga naka shiga makaranta hhh

Dan_Kurna99
In taƙaita maka ɗan'uwa, kod ɗin A maino su ne Am, Bm, C, Dm, Em, F, G. Ka rubuta ka manna a bango, an gama.

Solfa_SabonGari
@Dan_Kurna99 kada ya manna tukuna, akwai ɓera a buhun. Bm ba ya ciki. Bm shi ne B, D, F#, ka ga F# ɗin da aka kora yanzu ya dawo ta taga. In ka bi tsallaken da Malam na Fagge ya faɗa daga B, abin da za ka samu B, D, F ne, kuma sunansa B dim.

Ga yadda za ka gane kowanne ba tare da hadda ba. Ƙirga gidaje. Daga na farko zuwa na tsakiya in gida 3 ne, sannan zuwa na ƙarshe gida 4, maino ne. In 4 ne sannan 3, mejo ne. A zuwa C gida 3, C zuwa E gida 4: maino. C zuwa E 4, E zuwa G 3: mejo. Amma B zuwa D 3 ne, D zuwa F ma 3 ne. Duka sauran shida daga ƙasa zuwa sama gida 7 ne, shi kaɗai ne mai 6. Shi ya sa yake jin kamar kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya.

Mu a coci ba ma kiran haruffa sosai, solfa muke yi: la, ti, do, re, mi, fa, so. Maino guda uku suna kan la, re, mi. Mejo uku suna kan do, fa, so. Dim yana kan ti. In ka riƙe haka, ko wace ki (wato sautin da tsanin ya fara a kai) aka ba ka ba za ka daburce ba.

Dan_Kurna99
Na karɓi gyara oga. Amma fa ni Bm nake dannawa shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kama ni.

Solfa_SabonGari
Yau an kama ka.

Sabon_Shiga_Dorayi
Tsaya, yanzu na lura da wani abu. Kod shidan da na haddace su ne dai waɗannan, ban da dim ɗin. Amma a bidiyon da na koya an ce na C mejo ne. Wa ke da gaskiya?

MaiJita_Fagge
Duka biyun. Gida ɗaya ne, mutanensa bakwai, abin da ya canja shi ne wa ake kira maigida. In waƙa tana zagayawa tana dawowa ta huta a kan C, C mejo ce. In a kan Am take sauke numfashi, A maino ce. Gwada wannan: riƙe Am, ka ɗage yatsan zobe daga tsirkiya ta 3 gida na 2, ka kai shi tsirkiya ta 5 gida na 3. Sauran yatsu biyun kada su motsa. Ka zama C. Yatsa ɗaya ne tsakaninsu saboda C da E suna cikin kowannensu.

Fiyano_ZooRoad
Bari in shigo da nawa, ko da yake ni ɗan fiyano ne, jita sai in ta kama. Duk wannan bayanin daidai ne, amma ku faɗa masa gaskiya: Em ba ya mayar da waƙa gida. Ka kaɗa Am, Dm, Em, Am ka ji, ƙarshen lami ne. Ka sake, amma maimakon Em ka sa E, ko E7. Nan za ka ji waƙar tana jan ka da ƙarfi ta koma Am. Dalili, G zuwa A gida 2 ne, G# zuwa A kuwa gida 1. Kusancin nan shi ne jan. A jita ma yatsa ɗaya ne, Em ɗinka ka ƙara manuniya a tsirkiya ta 3 gida na 1. Ni a situdiyo in mawaƙi ya zo ƙarshen baiti, E nake ba shi.

MaiJita_Fagge
@Fiyano_ZooRoad da ka sa G# ai ka fita daga mainon asali, ka shiga hamonik maino. Ba laifi ba ne, amma yaron nan tambayarsa a kan gida ce, kai kuma ka gayyato baƙo tun bai san 'yan gidan ba.

Kuma ban yarda Em lami ne ba. Taushi ne da shi. Ba kowace waƙa ce take son a buga ƙofa in an shigo ba. Sannan in jan kake nema ba tare da baƙo ba, ga G nan. F, G, Am. Hawa ne gida bibbiyu, kuma yana isa gida da ƙarfinsa.

Fiyano_ZooRoad
Malam, F G Am na yarda da shi, kullum muna yi. Amma ka gwada gangarowa: Am, G, F, sannan E. Wannan da ake dangantawa da kiɗan Andalus na kudancin Sifen. Ka sa Em a wurin E ɗin ka gaya min ba ka kashe shi ba.

MaiJita_Fagge
A wannan kam ka ci. A nan kaɗai.

Dalibi_Kabuga
Ƙarin haske kaɗan ga masu son tarihi. Wannan tsanin Turawa suna kuma kiransa Ayoliyan, sunan da wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Heinrich Glarean, ya ba shi a 1547. Amma ba nasu ne su kaɗai ba. A kiɗan arewacin Indiya jerin sautukan nan bakwai su ne Asawari, a wajen Larabawa kuma maƙamin Nahawand ne ya fi kusa da shi. Ina ganin shi ya sa kunnen Bakano da ya tashi da fina-finan Indiya da ƙasidu ba ya jin baƙuntarsa. G# ɗin da oga na Zoo Road yake so kuma, in ka sa shi a cikin tsanin, tazarar F zuwa G# ta zama gida 3. Wannan tsallen shi ne yake ba da ƙamshin Larabci, irin na maƙamin Hijaz.

Yar_Tarauni
Ɗalibi ya zo da allonsa. To mun gode, amma ni tambayata ta fi ƙasa da haka: akwai wanda yake amfani da B dim ɗin nan da gaske? Shekarata 3 ina kaɗawa ban taɓa danna shi a cikin waƙa ba.

Solfa_SabonGari
Anti, shi tsurarsa ba kasafai ba. Amma ki ƙara tsallake ɗaya: B, D, F, A. Sunansa a rubuce Bm7b5, kada sunan ya tsorata ki. Tsirkiya ta 5 gida na 2, ta 4 gida na 3, ta 3 gida na 2, ta 2 gida na 3, ki bar ta farko da ta shida kada su yi ƙara. Ki duba da kyau, D F A ai Dm ne, B kawai aka sa masa a ƙasa. Don haka duk inda Dm yake zama kafin Em ko E, shi ma zai zauna, sai dai ya fi duhu. In kuma kin taɓa danna G7, kin riga kin kaɗa B dim ba ki sani ba, don G7 shi ne G, B, D, F.

Wannan ƙarin tsallaken yana aiki a kan dukkansu. Am ya zama Am7, Dm7, Em7, C da F su zama Cmaj7 da Fmaj7, G ya zama G7.

@Sabon_Shiga_Dorayi ga maganin fankarka kafin yatsanka ya yi ƙarfi: Fmaj7. Tsirkiya ta 4 gida na 3, ta 3 gida na 2, ta 2 gida na 1, ta farko a sake. F, A, C, E. Babu kwantar da yatsa, kuma a cikin A maino ya fi F ɗin kansa daɗi a wurare da yawa, don Am ne da F a ƙasa.

Sabon_Shiga_Dorayi
Kai! Allah ya saka da alheri. Ya fito tas. Wata uku ina fama.

Dan_Kurna99
Ba lallai yatsanka ne ba ma. Lokacin hunturu ne, jita tana bushewa, wani lokaci tsirkiya ta sauko ta dinga taɓa ƙarfe. Bara na bar tawa a jingine jikin taga sati biyu na tafi Kaduna, na dawo na tarar fuskarta ta tsage daga gada zuwa ƙasa, siririyar tsaga kamar an ja da reza. Na kai wa wani kafinta ya cika ta da gam ɗin katako, har yau in na kaɗa G tana wani huci. Yanzu soso nake jiƙawa in matse, in sa a leda mai huji-huji, in ajiye cikin jakarta.

Yar_Tarauni
Ni yatsuna ne suke tsagewa. Na shafa man kaɗanya na ɗauki jita, Dm ya dinga zamewa kamar sabulu. Sai da dare nake shafawa yanzu.

Shugaban_Zaure
Jama'a maganar hunturu tana da nata zaren, a koma kan kod.

Baba_Garaya
'Ya'yana, na karanta duka, ban gane rabin haruffan ba, amma bari tsoho ya ce wani abu. Ni da garaya na tashi, tsirkiya biyu. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Ba mu san kod ba. Da jikana ya kawo jita gida, na sa ya taka min tsanin nan naku a hankali, sai na ji biyu daga ciki ba na garinmu ba ne. Na ce ya cire su. Ya ce B da F na cire. Biyar ɗin da suka rage, da su na yi ta rera waƙoƙin da na sani tun ina yaro, ba wadda ta nemi ƙari. Ban ce duk waƙar Hausa haka take ba, amma da yawa haka ne. To ina tambaya: in waƙar ba ta taka F ba, wa ya ce dole a sa mata Dm?

MaiJita_Fagge
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, wannan tambayar ta fi duk abin da muka faɗa. Biyar ɗin su ne A, C, D, E, G. In ka yi tsallaken nan a cikinsu kaɗai, cikakkun kod biyu za ka samu, Am da C. D ba shi da F, E ba shi da B. Ma'ana in muryar ba ta taɓa F ko F# ba, mai jita ne yake da zaɓi: ya sa Dm ta yi sanyi, ya sa D ta yi haske, ko ya bar tsakiyar ya kaɗa D da A kawai. Am da D mejo tare wani tsani ne daban, Doriyan, kuma ba kuskure ba ne.

@Sabon_Shiga_Dorayi ka ga ke nan amsar da na ba ka da farko tana da sharaɗi. D ya ɓata ne don waƙar ƙanwarka ta taka F. Da wata waƙar ce da sai ya zauna.

Dan_Agadas
Baba ya faɗi abin da nake ta son faɗa. Ni a Agadas na koyi jita kafin mu dawo Kano. Can za a yi minti 7 a kan kod ɗaya ba wanda ya gaji. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiyar ƙasa yana bugawa ba tsayawa, sauran yatsu suna yawo a sama suna bin murya, tafi da ganga suna tura abin gaba. Da na zo nan na ga ana canja kod kowane bugu huɗu, sai na ji kamar mai ƙaura kullum. Shawarata ga sabon shiga, kafin ka haddace bakwai, ka zauna a kan Am kaɗai sati ɗaya, ka ga nawa za ka iya fitarwa.

Fiyano_ZooRoad
Wannan a hamada ne ɗan'uwa. Ka kawo wa furodusa waƙar fim mai kod ɗaya ka ga ko zai biya ka.

Dan_Agadas
Waɗanda suke kod ɗayan su ake gayyata Turai da Amurka oga.

Yar_Tarauni
An fara.

Fiyano_ZooRoad
A'a ba faɗa. Bari ma in ba da labarin kaina tunda an zo maganar haɗa murya. Farkon shigata aiki, wata mawaƙiya ta rera amshi, maigidan waƙar ya ce yana son murya biyu irin ta mawaƙan coci. Ita ta riga ta tafi. Na ce sauƙi ne, na kwafi muryarta a kwamfuta na ɗaga ta gida 3 gaba ɗaya, tunda A zuwa C gida 3 ne. Layin farko ya yi daɗi har ina murmushi. Tana zuwa kan C, muryar sama ta faɗa Eb, gida ɗaya ƙasa da E. Tana zuwa G, ta faɗa Bb. Maigidan ya cire hular kansa ya ajiye a kan tebur, ya ce "Wannan kukan me ne?" Sai da na kwana ina gyarawa sauti bayan sauti.

Abin da ban sani ba lokacin shi ne murya ta biyu ba gidaje take ƙirgawa ba, tsallaken nan take bi. A ta samu C, B ta samu D, C ta samu E, D ta samu F, E ta samu G, F ta samu A, G ta samu B. Wani gida 3, wani gida 4, tsanin ne yake yanke hukunci.

Solfa_SabonGari
Da ka leƙo mana ranar Asabar wajen gwaji da ka huta da kwanan zaune. Yaran alto, masu murya ta biyu, suna yin wannan da ka. Sai dai in ƙara: mu ma in waƙar Hausa ce muna taka-tsantsan, don in murya ta biyu ta hau inda kalma take sauka, ma'ana tana iya karkacewa. Bin ta da tsallaken nan yana da wannan amfanin, duk inda ta farko ta hau ita ma ta hau.

Baba_Garaya
Mu 'yan amshinmu baki ɗaya suke yi, kuma ba a taɓa cewa ya yi kaɗan ba. Amma ku yi naku, zamaninku ne.

Kanwar_Gwale
Ni sabuwa ce, ina bi a hankali. Muryata ba ta kai Am ba, tana shaƙewa a ƙasa. Sai na sake koyon wasu kod bakwai ke nan?

MaiJita_Fagge
Hanya biyu. Ta malalata, ki sa kapo, wato maƙalar da ke danne duk tsirkiyoyin a gida ɗaya. A gida na 2 hannunki yana Am amma sautin Bm ne, a na 3 Cm, a na 5 Dm. Ta masu haƙuri, ki ɗauki 2, 1, 2, 2, 1, 2, 2 ki fara daga wani wuri. Daga E za ki samu E, F#, G, A, B, C, D, kod ɗin kuma Em, F# dim, G, Am, Bm, C, D. @Dan_Kurna99 ga inda Bm ɗinka yake da gida, ka kai shi can. @Sabon_Shiga_Dorayi kai ma ka lura, a nan Am da D suna zaune lafiya a ki ɗaya. D maino kuwa ki bari sai yatsa ya yi ƙwari, akwai Gm da Bb a ciki.

Sabon_Shiga_Dorayi
Na dawo da rahoto. Bayan isha'i na zaunar da ƙanwata a tsakar gida, na sa ta rera a hankali ina neman kowane sauti a tsirkiya ta 5 kamar yadda Malam ya nuna. F sau ɗaya tak ta taka, a kan kalma ɗaya a layi na uku, kuma daidai nan na danna D jiya. Sauran duk biyar ɗin Baba ne. Mun tsaya a kan Am, G, Am a baiti, sai Dm a wannan layin, Fmaj7 a amshi. A ƙarshe na gwada mata Em da E ban gaya mata komai ba. Da na sa E ta ce "wannan kamar fim ɗin Indiya", da na sa Em ta ce ya yi sanyi da yawa. Ta ce in bar G kawai. Umma kuma ta leƙo ta ce dare ya yi.

Fiyano_ZooRoad
Fim ɗin Indiya ai yabo ne a garin nan. Ka sake gwada mata da E7 gobe.

MaiJita_Fagge
Ta ce G, ka bar yarinya da G ɗinta. Amma ka ce F sau ɗaya ta taka. B fa? Don G ɗin nan da ta zaɓa akwai B a cikinsa, ka duba ko a wurin tana kan C ne, in haka ne za su goga.

Sabon_Shiga_Dorayi
A kan D take a wurin, na duba sau biyu. Sai dai a amshi akwai inda take ja tsakanin C da D, ba ta tsaya a kan ko ɗaya ba, kuma ba gidan da ya yi daidai da shi. Nan me zan danna?

Dan_Agadas
Kada ka danna komai. Riƙe A a ƙasa ka bar ta ta wuce.